Taku Uku a Huddersfield

Iskar Fabrairu ce ta tono rigimar.
Cikin dare ta kwantar da shingen katako
da ke tsakanina da Mista Holroyd,
da safe muka tarar da shi rub da ciki a kan ciyawa
kamar ɗan damben da aka kayar tun turmin farko.

Shekara tara muna gaisawa ta samansa.
Ya miƙo tuffa a leda,
in miƙa masa soyen naman Layya,
ya ce yajin ya kusa zubar masa da haƙoran roba.

Sai ɗansa ya zo daga Leeds da jakar takardu,
ya ce kafin a kafa sabo, a auna.
Aka kira wani dogo mai riga ruwan ɗorawa,
ya girke na'ura mai ƙafa uku,
ya kanne ido ɗaya, ya leƙa,
ya bi ya soka jajayen turaku
a tsakiyar alayyafon Ladidi.

Taku uku, in ji shi.
Tsohon shingen ya ci taku uku a filin Holroyd,
bangon kicin ɗinmu ma, can inda murhu yake,
a ƙasar wani yake zaune.
Wanda ya yi ginin ya sayar mini,
ya koma Sifen shan rana, ya mutu can,
ya bar ni riƙe da ƙahon saniyar da ya tatse.

A Kazaure, gamba ce iyakar kakana da Malam Tanimu.
In garma ta yi kuskure,
mai unguwa ya zo ya ja layi da sandarsa,
a dama fura, a watse kafin azahar.
Nan kuwa wasiƙa ce.
Kowace ɗaya fam ɗari biyu,
ta faɗo ta ramin ƙofa kamar kunama.

Muka daina gaisawa.
Ran Talata mu jawo kwandunan shara bakin titi,
kafaɗa kusa da kafaɗa,
kowa na duban takalminsa.

Ana nan lauyata ta bugo waya tana murna.
Ashe layin ba miƙaƙƙe ba ne:
ya shiga kicin ɗina ta gaba,
ya karkace ta ƙarshen lambu,
ya ɗauke bishiyar tuffar tsohon ya ba ni.
Ta ce mun sami wuƙa.
Ta ce in ya taɓa bango, mu kira mai zarto.
Daren nan na yi barci har da minshari,
ba zan ɓoye ba.

Da asuba, ina alwala, na hango shi ta taga,
da rigar barci da takalmin ruwa,
tsaye cikin raɓa yana wa bishiya magana.
Na fita da niyyar in ce, malam, ka shigo mini.
Bai juyo ba.
Ya ce, "Doreen tana nan ƙarƙashi.
Tokarta. Ni na zuba, da cokalin lambu."

Ni da na san likkafani da gabas kawai,
na rasa ta'aziyyar da ake wa saiwa.
Na tsaya, ruwan alwala na daskarewa a gemuna,
har motar madara ta wuce.

Ba mu sa hannu a komai ba tukuna.
Ɗan na Leeds bai daina kira ba,
lauyoyi ba su daina lissafi ba,
katakon shinge na ruɓewa a jingine.

Jiya Ladidi ta zuba miyar taushe a kwano,
ta taka tsakanin turakun, ta buga masa ƙofa.
Ta ce, "Karɓi, ai a filinka aka dafa."
Ya daɗe yana kallon tururin.
Kwanon ya dawo da yamma, an wanke,
da tuffa huɗu a ciki,
ɗaya tsuntsu ya riga mu.