Sawun Ruwa

Mun baro Damagaram da sanyin asuba,
ni da Cima, ƴar ƙanwata, da gorar ruwa guda,
sai Gidimuni, inda yashi ke durƙusa wa dabino.
Muka tuɓe takalma muka tsallaka,
ruwan ko gwiwa bai kai ba.
A da, nan sai dogo, kaya bisa kai.

Tsibiri muke ce masa, mu ƴan gida.
Tudu ne da tafki ya rungume,
tsawonsa jifa uku, in mai jifan ƙato ne.
Nan Baba Kalla ya kafa jigonsa,
nan ya ja wa ruwa hanya da ƴar hauya,
ya koya masa tafiya
kamar mai yi wa yaro tatata.

Yau mu ke bin inda ruwa ya bi.
Magudanar ta bushe ta koma turba,
faɗin ƙafa ɗaya, sai dai bi da bi,
Cima a gaba tana cire ƙarangiya daga zane,
ni a baya ina ƙirga fangali:
nan albasa, nan tattasai,
nan raken da muka sata har aka yi mana bulala,
nan kuwa na manta.
Ƙadangare ya ɗaga kai, ya ce shi ma bai sani ba.

Ta tsaya a gindin goruba ta ce,
"Kawu, me ya hana hanyar nan miƙewa?
Ga lambu can, sai kewaye take kamar mai gudun bashi."
Na ce, tsohon ya sha faɗa mana,
ruwa baƙo ne, ba a jan hannunsa,
rakiya ake yi masa ta inda ya ga dama.
Kwana tara ya yi yana tofa yawu a ƙasa,
yana kwanciya rub da ciki, ido ɗaya a rufe,
kafin gangaren ya yarda ya nuna kansa.

Ga mararrabar da yake toshewa da diddige,
laka ɗaya, ruwa ya juya gabas,
laka ɗaya, ya dawo yamma.
Na sa ƙafata a gurbin.
Ta yi mini yawa, har yanzu.

Daga wancan gaɓar inji na tari,
tiyo ya miƙe samɓal bisa yashi,
bai tambayi kowa hanya ba.
Ban zarge shi ba. Albasarsu ta yi kyau,
kuma bayan masu ita bai tanƙware ba.

A bakin rijiyar, sandar jigo ta faɗi,
gara ta cinye rabi ta bar wa gobe rabi.
Cima ta buɗe gora, ban hana ta ba,
ta tsiyaye ragowar ruwanmu a kan magudana.
Ya yi jim.
Sai ya gangara, taki ɗaya, taki biyu,
ya karkata hagu daidai inda tsohon ya so,
kafin ƙasa ta shanye shi.

Da ƙishi muka koma bakin kwalta.
Ita tana dariya.
Ni ina duban ƙafata,
laka ta bushe a diddige.