Lumana da Hannun Ƙofa

A Hull, bene na biyu, bayan garejin bas,
muka ɗauko ta cikin kwali mai huji shida.
Tsohuwar da ta ba mu ta rantse: ba cizo, ba yakushi.
Rumasa'u ta yi tsalle: "Baba, kyanwar Lami ce!"
Ta raɗa mata suna Lumana.
Sati uku sunan ya yi yana faɗin gaskiya.

Ran Talata ta zauna gaban ƙofar kicin
tana duban hannun ƙarfen nan
kamar mai biya karatu a zuci.
Ta ja baya, ta daka tsalle, ta rataya da ƙafa biyu,
ƙarfe ya rusuna mata, ƙofa ta ce ƙiii.
Dambun naman da Saudatu ta wuni tana tuƙawa
sai ƙamshinsa muka tarar, da kwano a kife.
Na ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari,
mu muka bar shi a sarari.

Na ari sukudireba, na kwance hannun ƙofa,
na juya shi yana kallon rufi.
Kwana huɗu ina taƙama.
Na biyar ta hau kantar takalma,
ta miƙa dantse, ta ture shi ta gefe,
ta wuce ni ko kallo babu.

Sai famfon banɗaki.
Ruwan kwano ba ya yi mata, sai mai gudu.
Da goshi take ɗaga shi, ta lasa sau uku,
ta sauka ta bar shi yana zuba,
rufewa ba ta cikin abin da ta koya.
Mista Hargreaves na ƙasa ya hawo da silifa,
bokiti a hannu, digo a kan sanƙonsa.
Sau uku ya ba ni haƙuri
kafin ya faɗi cewa silin ɗinsa na hawaye.
Haka faɗan mutanen nan yake.

Na je kanti na kwaso makullan roba,
irin na tsare yara masu rarrafe.
Mai karɓar kuɗi ta yi murmushi: "Watansa nawa?"
Na ce mace ce, tana da gashin baki da jela.

Yanzu firiji da ɗamara,
kabad da sakata, murfin masai da maɓalli.
Takardar banɗaki na zaune a gwangwanin madara
tun ranar da ta warware ta daga wanka har falo.
Wayar talabijin cikin bututu,
labule a naɗe can sama kamar ana mopin.
Ƙarfe huɗu na asuba, bas ɗina na jira,
ni nake kokawa da durowa don cokali ɗaya,
farce ya karye, shayi ya huce.
Ita tana bisa firiji, ƙafa a harɗe,
ta yi hamma har na ƙirga haƙoranta.
Wa aka kulle a gidan nan?

Wani dare a Disamba na dawo a daskare,
ruwan sama tun daga wuya har safa,
leda a dama, leda a hagu,
kowa ya yi barci, fitilar baranda ta mutu.
Ina laluben ƙofar ciki da gwiwar hannu
sai na ji kwaram daga can ɓangaren.
Ƙofa ta buɗe da kanta.
Shekara tara a ƙasar nan,
ban tuna ranar da wani ya buɗe mini ƙofa da dare ba.

Na san akwai kifi a ledar hagu.
Na sani, kada ku gaya mini.

Da safe na mai da hannun ƙofa yadda yake.
Famfo dai yana nan ɗaure da roba biyu,
Mista Hargreaves bai daɗe da yin fenti ba.