Abin da Ke Riƙe Kwabo

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna don su hango teku,
kakana Evaristo ya yi shekara hamsin
yana ɓatar da kwabo a gaban matuƙan jirgin ruwa.

Su cewa suke aljani gare shi.
Ni na san aljanin:
yana cikin 'yar kwalba mai jan murfi,
bayan gwangwanin shayi.

Da ƙuruciya gam ɗin kafinta yake shafawa.
Ya ce kuɗin wani babu,
ciki kuwa ba ya jiran fata ta warke.
Kwabo ya manne a bayan hannu,
ya buɗe tafi, wayam,
a yi ta sowa.
Da dare ya ɓamɓare shi da wuƙar burodi.
Tabon na nan har yau,
fari fat, a zagaye,
kamar kwabon ya tafi ya bar inuwarsa jingina.

Ranar da na cika sha huɗu ya ce, "Ximena, taso."
Na ɗauka dabara zai koya mini.
Sai ga mu a kantin Doña Clotilde,
mai sayar wa 'yan wasan dandamali gemun ƙarya.
Ya sa ta karanta masa rubutun jikin kwalba
har sau biyu, don idonsa ya fara yana:
an yi shi ne don fatar mutum.
Ya ɗiga ɗigo ɗaya a tsintsiyar hannuna.
"Sai gobe war haka," in ji shi.
"In ya yi ja, in ya yi ƙaiƙayi, mun bar mata kayanta."
Na kwana ina leƙen wurin da hasken fitilar titi.
Bai yi ja ba.

Sauran na koya a tsaye, gaban madubin da ya tsage.
Wanke hannu, a bari ya bushe ƙarau.
Shafi kaɗan, kaurin fiffiken ƙuda.
Ƙirga talatin,
sai ya bar ɗanye bai kai busasshe ba.
Ban da kusa da ido, ban da kan ciwo
ko da ƙwarzanen kyanwa ne.
In an tashi cirewa, man zaitun da auduga,
a lallaɓa, kada a fizga.
"Ido kike yi wa wayo," yakan ce,
"fata ba ta cikin masu kallo."

Yanzu tasa fatar ta koma ɓawon albasa,
ko mai laushin ba ta ɗauka.
Yana zama a benci, hula a gwiwa,
ni nake tsayawa tsakiyar da'ira.

Wata Lahadi cikin Janairu, rana ta buɗe wuta.
Na ji gumi na bin hannuna,
na ji kwabon ya fara tunanin tafiya.
Ya sulale ta gefen siket ɗina.
Daidai nan jirgi ya yi kuka a tasha,
kukan ya haɗiye ƙararsa.
Ya gangara bisa duwatsu, a natse, kamar an aike shi,
har gaban bencin.

Kakana ya ɗora takalmi a kai.
Bai dube ni ba.
Sama ya duba, kamar mai lissafin tsuntsayen teku.

Na nuna musu tafi, na nuna musu baya,
karon farko a rayuwata
duka biyun babu komai.
Wani mai sayar da kifi ya gicciye ƙirjinsa.

Da dare kakana ya jawo fitila,
ya jiƙa auduga da mai,
ya kama hannuna yana gogewa a hankali.
Na ce, "Ai gumi ya riga ka, babu saura."
Ya ce, "Na sani."
Ya ci gaba da gogewa.