Kwalba Dubu Biyar

Mangwaro ba ya jiran kowa a Nkhata Bay.
Disamba na kamawa sai ka ji tim, tim, a kan kwanon rufi,
kamar mai bin bashi yana dukan ƙofa.
Ni, Lusungu 'yar Gondwe, nake tsince shi,
in dafa da sukari har ya yi kauri, abin shafa wa burodi,
hayaƙi na koya wa idona kukan da babu mutuwa.

Shekara biyu ina hira da tukunya.
Ita kaɗai ta san ranar da sukari ya yi tashin gwauron zabo,
ita ta san buhu ukun da suka ruɓe a bayan ɗaki,
na binne su da dare kamar abin kunya.
Mijina na kan tafki yana yaudarar kifi da fitila.
Ƙanwata ta ce, “Ke kam kin zama 'yar kasuwa,”
na yi mata dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

Sai ga maganar kwalba.
Mutumin Mbeya ya ce a waya:
“Ƙasa da dubu biyar, mota ba ta tashi.”
Ni ɗari uku nake so.
Na ƙirga a yatsa, na ƙirga a takarda,
lissafi ya ƙi sauya magana.

A layin banki na haɗu da Wezzie Msiska,
ƙudan zuma ya bar mata shaida a kumatu.
Ban tambaya ba, ita ta fara:
zuma na nan cike da jarkoki, mazubi ne babu.
Na ce, “Nawa kike nema?”
Ta ce, “Ɗari bakwai.”
Muka tsaya kallon-kallo,
kamar maƙwabtan da suka daɗe suna jin tarin juna ta bango
ba su taɓa gaisawa ba.

Ita ta san Tiwonge mai yaji a Chintheche.
Tiwonge ta san dattijo Chirwa mai man gyaɗa,
wanda bai ƙara yarda da ɗan Adam ba
tun da abokin cinikinsa ya gudu da injin matsa.
Ya zo taron farko da littafinsa a hammata,
ya zauna ta inda zai fi saurin tashi.
Mu tara, gindin ɓaure, bayan coci,
kowa ya danne jakarsa a cinya.

Ba da kuɗi aka buɗe taro ba.
Tiwonge ce ta ce, “Ni fa yajina ya taɓa yin fumfuna, kwali guda.”
Aka yi tsit.
Sai na ji bakina yana tono buhunan nan uku.
Chirwa ya yi gyaran murya:
“Buhu uku? Yarinya, ni mota guda.”
Dariyarmu ta tashi tsuntsayen kan ɓaure.
Ranar na san asara ma tana da dangi.

An yi rigima, kar in yi ƙarya.
Wa zai riƙe kuɗi? Wa zai bi mota har kan iyaka?
Mutum biyu suka fice,
ɗaya ya dawo bayan mako, yana kallon ƙasa.
Kwalabe suka iso ranar Talata cikin ruwan sama,
arba'in da ɗaya a fashe.
Muka raba fasassun yadda muka raba masu lafiya.

Tukunyar na nan, ni kaɗai nake juya ta kamar da,
hayaƙi bai daina cizo ba.
Sai dai jiya girki guda ya kama, ya yi baƙi-baƙi,
ban nemi fartanya ba,
ban jira dare ba.
Waya na ɗauka.
Wezzie ta ce, “Kar ki zubar. Ɗanɗana tukuna.
Wataƙila suna kawai za mu sauya masa.”