Binne

Sun ce mu dawo bayan mako uku.
Likitan bai ko ɗago ido ba,
ya liƙa wa kwalba lamba, ya rubuta Keziya.
Ɗan abin da suka yanko daga ƙirjinki
ya kwana a Gombe,
mu muka kamo hanyar Kaltungo.
Tun daga Kumo kike barci a kafaɗata.
Ni ina ƙirga kwanaki,
ina laluben abin da ya saura a aljihu.

Damina ta makara.
Dutsen Kilang na tsaye, kansa ba hula.
Kowace yamma gabas ta haɗe rai,
mu kwashe shanya, mu jera bokitai,
sai iska ta zo ta watse taron.

Tiya huɗu ta rage na kaura,
iri ne, tun kaka na adana shi cikin toka.
In na kai kasuwa, kuɗin motar komawa ya samu.
In na kai niƙa, tuwon kwana goma.
Ko kuwa in binne shi a busasshiyar ƙasa
in bar wa Mai ruwa sauran aiki.

Na je wurin Fasto Zakka neman amsa,
na tarar da shi bisa tsani
yana toshe yoyon kwanon majami'a, ƙusa a baki.
Ya zare ƙusar ya ce, "Habila, ni ma ban sani ba.
Miƙo mini guduma."
Na miƙa.
Rana na ƙuna, sama wayam,
shi kuwa yoyo yake toshewa.

Da dare na durƙusa, addu'a ta maƙale.
Iyakar abin da ya fito: Yesu, ka dai gani.
Kai ma ka taɓa raba dare a lambu
abokanka na minshari.
Ban ji wata murya ba.
Kukan gyare na ji, da juyinki a kan gado.

Ke kika tashe ni, zakara bai yi cara ba.
Kin ci ɗamara, iri na cikin ƙwarya.
"Ɗauko sungumi."
Na ce ɗinkin bai warke ba.
Kika ce, "Da diddige ake rufe rami,
ba da ƙirji ba."

Ina gaba ina sara, kina baya kina jefawa,
ƙwaya biyar, diddige, taku,
ƙwaya biyar, diddige,
kina tsayawa ki maida numfashi
kina harara ta don kada in yi magana.
Irmiya Dogo ya gifta a keke,
ya ce mun shirya wa zabi da tururuwa biki.
Wataƙila gaskiyarsa.
Shekarar da aka haifi Tabita na yi binne,
yayyafi ya yaudare shi, ya tsiro, ya ƙone.
Ban manta ba.
Da wannan tunanin na sara rami na gaba.

Ba zan ce na san abin da takardar za ta faɗa ba.
Masu zuwa dubiya suna cewa ba komai,
ina amsa musu da amin, cikina na kaɗawa.
Abin da na sani kaɗan ne:
hannun da ya riƙe mu shekara ashirin da shida
bai taɓa nuna mini gobe ba,
yau kawai yake ba ni, ita ma da safe.

Saura kwana tara.
Gona shiru, kamar ba a taɓa ta ba.
Dawarmu na ƙarƙashi cikin duhu,
ko tana jira, ko tana ruɓewa.
Ɗazu kin aike ni kasuwa sayen zare,
wai za ki rage wuyan rigar zumuntar mata
saboda taron ƙarshen shekara.
Ƙarshen shekara, Keziya!
Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonki.
Kika ce, "Shuɗi. Kada ka sayo baƙi."

Ga ni a hanya, zare a aljihu.
Gabas ta sake haɗe rai.
Bari in yi sauri,
bokitai na cikin ɗaki.