Layi Na Sha Bakwai

Alhaji ya tura min littattafan kuɗi uku
na injin casar shinkafarsa da ke Dakace.
Ya ce, "Akwai ɓera a rumbuna. Nemo min shi."

Lamba ba ta ƙarya, sai an koya mata.
Kwana huɗu ina bin sawun biro:
bakwai da aka ɗaura wa kai ta koma tara,
rasit biyu, hannu ɗaya.
A layi na sha bakwai, Jatau mai gadi
yana sa hannu duk ƙarshen wata,
shekara biyu da binne shi.

Ranar Alhamis na bi akawu Zubairu
tun daga Kwangila, mota biyu a tsakaninmu,
har babur ɗinsa ya kutsa lungun Muciya.
Na kashe inji. Na ɗaga kyamara.

Wata tsohuwa ta leƙo zaure.
Ya durƙusa, ya miƙa ambulan.
Na ji ta ce, "A gaida Alhaji,
bai manta da mu ba."

Hoton ya fito tas.
Tun magariba takardar rahoto ke gabana,
shayi ya huce,
ban wuce "Ranka ya daɗe" ba.