Kunkurun Runjin Sambo

A bayan shagon tela, a Runjin Sambo,
kwamfuta uku gare mu, duk kwance ne.
Ɗaya ta rasa maɓallin K,
sai a taɓa gurbinsa da tsinken ashana.
Yara sha ɗaya, benci biyu,
da fanka mai kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan.

Ranar farko na ce musu:
"Ga kunkuru a cikin gilashi.
Ba ya jin lallashi, ba ya jin tsawa.
Abin da ka rubuta, shi zai aikata."

Modi ya ce, "Malama, ko Gulbin Rima ya tahi?"
Na ce, "Gwada mishi hanya."
Ya rubuta: gaba, taki dubu.
Kunkuru ya miƙe bai waiwaya ba,
ya fice ta gefe, ya bar mana farin zare.
Modi ya tashi ya leƙa bayan kwamfuta.
Har tela sai da ya tsai da keke don dariya.

Manhajar nan ba mu saya ba,
ba mu kuma sata ba.
Wasu ne can, ban san garinsu ba,
ban san ko sun taɓa jin ƙanshin albasar Rima ba,
suka haƙa rijiya, suka bar guga a bakinta,
suka ce kowa ya ja,
wanda ya ga igiya ta tsinke ya ƙulla.
Da baƙin harshe ta iso mana.
Dare huɗu ina zaune, sauro na karɓar harajinsa,
har ta koyi gaba da baya, hagu da dama,
har ta iya cewa "ban gane ba" da Hausa.

Jabbi ya yi kuka ran Laraba.
Ɗaki ya so zanawa, bango uku suka tsaya,
na huɗu ya karkace ya nufi gabas.
Na ce, "Ƙaya ce ka taka, ba ƙafa ta karye ba.
Zauna ka lalubo ta."
Ya bi layi-layi da yatsa yana jan majina.
Tara ya rubuta inda tasa'in za ta zauna.
Sifili ɗaya! Ya dube ni kamar na ɓoye masa ita.

Kulu kuwa mako biyu ba ta ce uffan ba.
Ran da na koyar da maimaita,
na ce a yi gaba, a juya kaɗan, sau talatin da shida,
zare ya nannaɗe ya zama fure.
Sai ta miƙe tsaye:
"Wanga ai aikin Inna na!
Haka take ƙirga allura a bakin hula."
Washegari ta zo da hula rabin ɗinki a cikin leda.
Ta shimfiɗa ta kan cinya, tana ƙirga, tana rubutawa.
Kafin la'asar zanen Innarta na haske a gilashi,
shuɗi inda shuɗi yake,
har da wurin da tsohuwar ta yi kuskure.

Batir kan mutu da ƙarfe biyar.
Sai mu fita tsakar gida.
Modi ne kunkuru, an ɗaure masa ido da ɗankwali.
"Gaba uku! Dama!"
Wani ya manta bai ce tsaya ba,
ya rungumi randa.

Jiya muna naɗe waya, Ige ta ja mini gyale.
"Masu rijiyar nan, sun san da mu?"
Na ce ban jin sun sani.
Ta yi shiru, tana sosa dunduniya da babban yatsa.
"To a aika musu hular Kulu.
A ce musu K ɗinmu ta ɓace,
amma kunkuru na nan lahiya."